Jiƙon gahawa na ruwan sanyi: nawa ya fito kamar maganin shawara, ina na kuskure?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan gida. Masu gahawa don Allah ku fito ku cece ni. Zafin Kano ya hana ni shan mai zafi da rana, ga shi in ban sha ba kaina ya dinga sarawa kenan har yamma. Ƙanwata ta ce in gwada wanda ake jiƙawa da ruwan sanyi, cold brew take ce masa. Na sayi garin gahawa wajen masu kayan Saudiyya, na juye rabin leda a jug, na cika da ruwa, na watsa kanumfari cikin tafin hannu da garin kirfa cokali biyu, na rufe na ɗora a kan kantar kicin. Hidimar biki ta sha kaina, ban tuna da shi ba sai bayan kwana biyu. Da na tace da rariyar shayi, laka ce kwance a gindin kofi, ga yauƙi-yauƙi a sama, ga ɗaci kamar maɗaci. Harshena har ya mutu kamar an yi min allurar cire haƙori. Maigidan ya kurɓa sau ɗaya ya ce, "Wannan na shawara ne ko na basir?" Haka abin yake dama, ko ni ce na ɓata?

Ɗan Mambila:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ce komai, garin nan in kin murza shi tsakanin yatsu, laushinsa kamar na fulawa ne ko yana da tsaki-tsaki?

Maman Hanan:
Kamar hoda wallahi. An rubuta na Turkiyya ne a jikin ledar.

Ɗan Mambila:
To ga ɓarawon nan mun kama. Na Turkiyya an niƙa shi luƙui ne don a tafasa shi a ɗan ƙaramin tukunya a sha da garinsa a ciki, ba a tace shi. Shi jiƙo barzajje yake so, kamar tsakin masara. Mai laushi yana sakin komai nasa lokaci guda, har da ɗacin da ba a so, kuma babu rariyar da za ta tare shi.

Ga yadda nake yi, kuma shekarata ta uku kenan a kai. Gwangwanin madara ɗaya a shafe na barzajjen gahawa, na taɓa aunawa a sikeli ya ba ni kusan giram 60. Ruwa leda ɗaya ta fiya wata, rabin lita kenan. In zuba a kwalba mai murfi, in juya da cokali har ko'ina ya jiƙe, in rufe in sa a firji bayan sallar isha'i. Washegari bayan azahar in tace. Awa 16 zuwa 18 kenan. Ƙasa da awa 12 yakan fito salam, in ya haura 24 kuma sai ya fara ɗanɗanon itace. Tata sau biyu: rariya tukuna, sannan farin ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko. Kada ki matse ƙyallen, ki bar shi ya tsane da kansa, matsewa ita ke turo lakar nan.

In kina son mai kauri da za ki dinga sirkawa, ki ninka gahawar, gwangwani biyu a leda ɗaya. Sai dai kada ki yi mamaki in ruwan da ya fito bai wuce rabi da kaɗan ba, dusar na shanye kusan ninki biyu na nauyinta.

Kawu Na Fagge:
Ikon Allah. Yanzu gahawar ma sai an hana ta ganin wuta? Ɗiyata, abin da kika haɗa ba gahawa ba ce, kuma abin da yaron nan ya koya miki ma ba gahawa ba ce. Gahawa ana soya ta a gabanka, a daka a turmi, a ɗora a gawayi, ƙamshi ya kira maƙwabci tun kafin ka aika masa. Ruwan sanyi me ya sani? Ku dai yaran yanzu duk abin da kuka gani a waya sai kun kwaikwaya.

Ɗan Mambila:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Amma Kawu, tsamiyar kunu da wane ruwa ake jiƙa ta? Jiƙon saiwa da ɓawon itace da ke cikin tulu a zauren dattawa fa? Mu ne ma masu jiƙo tun asali, sunan kawai suka canza masa.

Kawu Na Fagge:
Ai ka faɗa da bakinka. Jiƙo magani ne, ana shan sa ana yamutsa fuska. Ka ga mijin baiwar Allahn nan bai yi ƙarya ba.

Malamin Kimiyya:
Kawu na da gaskiya a gefe guda, kada mu yi masa taron dangi. Ƙamshin nan da yake magana, zafi ne ke tayar da shi ya shiga hanci, don haka mai sanyi ba zai taɓa cika ɗaki da ƙamshi ba. Ruwan zafi yana fizgo abin da ke cikin gari a minti huɗu ko biyar, ruwan sanyi kuwa lallaɓawa yake, shi ya sa yake cin awanni. A wannan lallaɓawar akwai sinadaran ɗaci da na tsami da ba sa narkewa sosai, sai su zauna a cikin dusa. Abin da ke fitowa ya fi taushi a baki, har mutum ya ji kamar da ɗan zaƙi ko bai sa sukari ba. Riba a nan, asara a can.

Kuma a bambanta shi da wanda aka dafa da ruwan zafi aka bari ya huce aka zuba ƙanƙara. Wannan daban ne, in ya jima yakan yi wani ɗanɗano kamar kwantan shayi.

Ba sabon abu ba ne kamar yadda Kawu ke zato. A Japan sun daɗe suna yin wani na ɗigo, ruwan sanyi na sauka ɗis-ɗis a kan gari tsawon awanni, har ana danganta shi da birnin Kyoto. A Amurka wani mai suna Todd Simpson ya fitar da tukunyar jiƙonsa ta Toddy tun 1964. Shagunan Starbucks ne dai suka sa ya yi tashe da suka fara sayar da shi a 2015.

Amarya 2 Be:
Ni dai ku yi min afuwa, da Nescafé ba zai yiwu ba? Ita ce a gidanmu.

Malamin Kimiyya:
Ƙanwata, ita an riga an dafa ta a masana'anta an busar, narkewa kawai take yi. Ki kaɗa ta da ruwan sanyi ki sa ƙanƙara ki sha abinki, babu laifi, amma babu abin da za ki jiƙa.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai. To a ina zan samu barzajjen? Kuma in na samu 'ya'yan, in kai injin unguwa?

Ɗan Mambila:
Injin unguwa?! Hajiya kina so ki sha gahawa mai attaruhu da daddawa kenan. Gahawa kamar soso take, duk warin da ta tarar sai ta ɗauka. Ko turmin gida in na dakan yaji ne kada ki kusance shi. Blanda mai ƙaramin kofi ta isa: ki danna ki saki, ki danna ki saki, ki girgiza, har ya zama tsaki. In kina da rariyar tankaɗe ki tankaɗe, mai laushin da ya zuba ƙasa ki ajiye na dafawa, na saman shi ne na jiƙo.

Maganar 'ya'ya kuwa, ba sai an je Habasha ba. Muna noma ta a tsaunin Mambila a jihar Taraba, wajen Gembu, irin arabika, ana kuma samu a tsaunukan Filato. Ta kudu, wajen Kogi da Ondo, galibi robusta ce, ta fi ɗaci ta fi bugu. Ki nemi wadda aka soya tsaka-tsaki, launin ƙasa-ƙasa. Wadda ta yi baƙi ƙirin tana sheƙin mai, ɗanɗanon gawayi za ta ba ki.

Anti Nas:
Ku tsaya, duk kun tsallake abin da ya fi tayar min da hankali. Kwana biyu a kan kanta, a watan Afrilu, a Kano? Maman Hanan, Allah ne ya tsare da kurɓa ɗaya kuka yi. Wannan ruwa ne da bai ga wuta ba, babu abin da ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, kuma tsaminsa bai kai ya kare kansa ba. Masu rubuta cewa a bar shi a ɗaki ya kwana, ɗakinsu digiri 20 ne. Namu kicin ɗin yana haura 35 da rana. A firji za a jiƙa, a firji za a ajiye, da ruwan da kin yarda da shi, cikin kwalbar da aka wanke da ruwan zafi. Ni ba na bari ya wuce mako, in an zuba madara kuwa ranar za a shanye.

Ɗan Damagaram:
Anti kin yi magana kamar wuta na zama. Mu nan firigo ado ne rabin yini. Ni cikin randa nake sa kwalbata, in ɗaure murfin tam in nutsa ta cikin ruwan, da dare zuwa safe. Ban taɓa ganin ya lalace ba.

Anti Nas:
"Ban taɓa gani ba" ita ce kalmar da muka fi ji a bakin gado a asibiti, ɗan'uwa. Randa na sanyaya ruwa, amma firji digiri 4 ko 5 yake, randa ba ta zuwa kusa.

Malamin Kimiyya:
Ku duka biyun ku sassauta. Randa zufa take yi, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya tafi da zafi. Dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita kenan a tukunya-cikin-tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ci masa kyautar Rolex a 2000. Tana aiki sosai a rani da hunturu da iska ke bushe, da damina kuwa ƙarfinta ya ragu. Don haka a ganina, randa ta jiƙon dare ɗaya ce: awa 10 zuwa 12, a tace da safe, a shanye a ranar. Da yake ruwan bai kai na firji sanyi ba, jiƙon ma ya fi saurin nuna. Ajiya ta kwanaki ce ba ta randa ba. Wanda ke da kula ya sayi ƙanƙara ya sa kwalbar a ciki, ya fi kwanciyar hankali.

Anti Nas:
In dai za a shanye a ranar, na janye rabi. Rabi kawai.

'Yar Mai Wurno:
Salamu alaikum, na shigo a makare. Ni a Sudan na tashi, kakanninmu Hausawan Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu, don haka jabana, wato gahawar Sudan, a jinina take. Can gahawa ba ta tafiya sai da citta, wasu su ƙara hel (cardamom) ko kirfa, a zuba daga 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Na daɗe ina neman yadda zan samu wannan ɗanɗanon a mai sanyi, kuma na ɓata gahawa da yawa kafin in gane.

Maman Hanan, kanumfarin nan naki shi ya kashe miki harshe, ai shi ake sa wa mai ciwon haƙori. A rabin lita ƙwara biyu, in kin cika son sa uku. Garin kirfa kuma shi ya kawo yauƙin, ba ya narkewa, in ya daɗe a ruwa sai ya yi kamar an kaɗa kuɓewa. Sanda za ki sa, guntu kamar tsawon ɗan yatsa, ki fasa shi biyu. Hel ƙwara huɗu, ki ɗan dandaƙa su baki ya buɗe. Waɗannan ukun suna jure jiƙo tare da gahawar.

Citta ce mai gardama. Busasshiya a ruwan sanyi ba ta sakin yajinta yadda ake so, ɗanya kuma in ta kwana ciki sai ta yi wani ɗanɗanon ɗanye-ɗanye. Abin da ya yi min shi ne in dafa ta daban: kofi ɗaya na ruwa, kofi ɗaya na sukari, citta yanka-yanka, su tafasa minti goma, in tace in zuba a kwalba. Duk sanda zan sha sai in zuba cokali ɗaya ko biyu. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don dama sukari ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi, kwanciya yake a gindin kofi kina juyawa yana kallon ki. Zuma ma dunƙulewa take. In da mazarƙwaila aka yi maimakon farin sukari, wallahi sai kin lumshe ido.

Kawu Na Fagge:
Alhamdu lillahi, ga shi dai an koma ga wutar da aka guda.

'Yar Mai Wurno:
Kawu ai cittar ce ta ga wuta, gahawar tana firji tana hutawa.

Alhaji Dakar:
Ba wanda ya ambaci kimba? Ina zuwa Senegal sarin kaya, can ko wace kwana akwai mai sayar da kafe Tuba a ƙananan kofuna. Sunan daga birnin Tuba na Muridawa ne, almajiran Shehu Ahmadu Bamba. Ran da na fara sha na ce wannan ƙamshin ai na sani, na kunun gidanmu ne. Na tambaya aka nuna min abin da suke kira "jar" da yaren Wolof, ina dubawa sai ga kimba. Tare suke soya ta da gahawar su niƙa, wasu da ɗan kanumfari. Na gwada a jiƙo: kimba ɗaya, in ɗan gasa ta a busasshen kasko har ta fara ƙamshi, in fasa in zubar da 'ya'yan don su ke da ɗaci, in jefa ɓawon. Ɗaya tak a rabin lita. Na taɓa sa uku, abin ya koma kamar ruwan wankan jego.

Maman Hanan:
Alhaji ka sa ni dariya har Hanan na tambaya ko lafiya. Kimba kam akwai ta fal a gida.

Ɗan Damagaram:
Nawa salon: madarar aya. In jiƙa aya da dabino, in markaɗa in tace kamar za a yi kunun aya amma da kauri, ba citta ba kanumfari. Rabin kofi na jiƙon mai ƙarfi, rabin kofi na madarar, ƙanƙara a kai. Ba ya son sukari, dabinon ya gama aiki. Amma kun san halin aya, ba ta da haƙuri, kafin la'asar ta yi tsami in ba sanyi. A haɗa a kofi lokacin sha, kada a haɗa a kwalba.

Amarya 2 Be:
Na ga wata ta sa lemu a nata. Da gaske ana yi?

'Yar Mai Wurno:
Ana yi. Ɓawon lemun zaƙi, ki wanke ki fere saman kawai, ban da farin cikin, shi ne mai ɗaci. Yanki biyu a awa biyun ƙarshe kafin tata. Na'a-na'a kuma a kofi ake sa ta, in ta kwana a jiƙo baƙi take yi. Amma ranar da kika matsa ruwan lemun tsami, ki manta da madara, guda-guda za ta yi miki kamar za a yi awara.

Baban Sadik:
Ni abin da ya ja ni gare shi olsa ce. An ce ba shi da asid ko kaɗan, kuma kafin ɗinsa, sinadarin nan mai hana barci, kaɗan ne tunda bai dahu ba. Shi ya sa nake shan kofi uku a rana hankalina kwance.

Anti Nas:
Innalillahi. Baban Sadik, wa ya ce maka? Kafin yana narkewa a ruwan sanyi sarai in an ba shi lokaci, kuma dubi yawan garin da ake zubawa. Kofin shayi na mai zafi giram 10 zuwa 15 ake sa masa, nan ana maganar giram 60 a rabin lita, mai kauri kuma 120. In ka sha mai kaurin ba sirki, kofi ɗaya ya zama biyu ko uku. In robusta ce kuma, kafin ɗinta ya kusa ninka na arabika. Taushinsa a baki shi ke yaudarar mutane, su kwankwaɗe shi kamar zoɓo. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka da Turai ke bayarwa ga babba mai lafiya miligiram 400 ne a yini, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Kuma yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa biyar rabinsa na nan, wanda ya sha da la'asar kada ya zo yana neman maganin barci.

Malamin Kimiyya:
Maganar asid ma a gyara. Wasu masu bincike biyu, Niny Rao da Megan Fuller, na jami'ar Thomas Jefferson a Amurka, sun auna a 2018. Ma'aunin ƙarfin tsami, wato pH, na mai zafi da mai sanyi ya fito kusan ɗaya, duka wajen 5. Bambancin shi ne jimillar sinadaran tsami ta fi yawa a mai zafi, shi ya sa harshe ke jin mai sanyi ya fi laushi. Wasu suna cewa ya fi yi wa cikinsu sauƙi, ba na musa musu, amma "babu asid" ba gaskiya ba ce.

Baban Sadik:
To ni dai tunda na koma shi ƙirjina ya daina zafi, wannan na sani.

Anti Nas:
Allah ya ƙara sauƙi, amma ka rage zuwa ɗaya, bayan ka ci abinci, kuma ka faɗa wa likitan da ke duba ka. Masu hawan jini ma haka. Ba zan ƙara magana ba kada a ce nas ta hana mutane jin daɗi.

Maman Hanan:
'Yan gida na dawo da rahoto. Na samu 'ya'yan gahawa, mai shagon ya ce ta Mambila ce, na barza a blanda na tankaɗe yadda Ɗan Mambila ya ce. Na raba kwalba biyu: ɗaya zalla, ɗaya da kimba guda da kanumfari biyu. Wuta ta ɗauke cikin dare, sai na kwashe su na sa a kula da ƙanƙara, Anti Nas ki shaida. Awa 17 na tace. Ruwan ya fito garau, launin shayi mai duhu, ana hango gindin kofi. Zallar ta ba ni mamaki, ba ɗaci, har da wani ɗanɗano kamar cakulan a ƙarshe. Mai kimbar ta fi daɗi da ruwan mazarƙwaila, amma ina ga kanumfari ɗaya ma ya isa, har yanzu yana so ya danne kimbar. Abin da ban so ba, da ƙanƙarar ta narke sai ya yi salam.

Ɗan Mambila:
Madalla Hajiya. Ki zuba kaɗan daga jiƙon a abin yin ƙanƙara, ki dinga sa ƙanƙarar gahawa maimakon ta ruwa. Ko ki yi mai kaurin, narkewar ta zama ita ce sirkin. Dusar kuma kada ki sake jiƙa ta, ta gama bayarwa, ki zuba a takin shuka.

Alhaji Dakar:
Ki cire kanumfarin gaba ɗaya sau ɗaya ki ji kimbar ita kaɗai, sannan ki yanke hukunci. Maigidan fa, ya sake kurɓa?

Maman Hanan:
Ya tafi kasuwa da zallar a filas, ya shanye ta. Yanzu rigimarmu wa zai sayo 'ya'yan gaba.

Kawu Na Fagge:
To, jikata ta karanta min duk surutunku, ta je ta haɗa min na kimbar nan ba da sanina ba. Na karɓa don kada in kunyata ta. Ba laifi. Sai dai na sa ta juye a buta ta ɗora min a gawayi tukuna.

Ɗan Mambila:
Kawu ai ya halatta, mai kaurin ma da tafasasshen ruwa wasu ke sirka shi da asuba. Kawai kada a bari ya tafasa, ya yi zafi a sauke.

Kawu Na Fagge:
Ya tafasa. Sau biyu.